Shafin da Kuka Tsallake a Wasiƙata Kan Kiyari na Bune

Zuwa ga Shugaban Gidan Radiyo,
mai kula da filin da ake karanta wasiƙun ƴan kallon kokawa.

Ranka shi daɗe,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa da girmamawa irin wadda ta dace da matsayinka, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka da dukan ma'aikatan da ke ƙarƙashinka. Mu nan Gure sai godiyar Allah, an samu damina gwargwado bayan shekarun nan na fari.

Sunana Isufu, ana ce mini Isufu Direba. Shekara goma sha huɗu ke nan ina jan kamiyo daga Gure, ina ɗaukar kanwa da ƙaro da fatu zuwa Nguru da Gashuwa da Kano, wani lokaci har Maiduguri da Injamena. A lokacin fari ina cikin waɗanda suka yi ta jigilar dawar agaji zuwa Kelle da Alakos. Ban yi lakwal ba. Bokon da nake rubutawa a ajin yaƙi da jahilci na koye shi ina da gemuna, saboda haka in ka ga kuskure a rubutun nan ka yi mini uzuri.

Wannan ita ce wasiƙa ta biyar da nake aiko muku a kan magana ɗaya. Huɗun farko na rufe su, na liƙa musu tambur, na kai gidan waya da hannuna. Ba wadda aka karanta, ba wadda aka amsa. Wannan karon na bar ta a buɗe. Na ba masu buga jaridar yaƙi da jahilci kwafi ɗaya, zan kuma liƙa ɗaya a tashar motar Gure don mai iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Ban yi haka don in kunyata kowa ba. Hanyoyin da na sani ne suka ƙare.

Na ɗaya: yadda na saba da filinku.

Ni mai son kokawa ne tun tasowata, ko da yake ban taɓa shiga fili ba, ƙirjina bai kai ba. Duk garin da mota ta kai ni, in na ji ganga sai na nemi inda take. Da kuka buɗe filin nan na ranar Juma'a bayan la'asar, kuka ce duk wanda ya kalli kokawa a ko'ina ya rubuto yadda ya gan ta, sai na ji kamar don ni aka buɗe shi. Na rubuto muku yadda ƴan kokawar Nguru suke sunkuyawa su nemi ƙafa tun kafin a gama haɗa hannu. Na rubuto na Injamena, dogayen mutanen nan na bakin kogi da suke riƙe ƙugun juna su tsaya cik kamar ba abin da ake yi, sai kawai ka ga ɗaya a ƙasa. Wasu ma suna rubutowa. Akwai tsohon sojan da ya zauna Dakar, wanda ya ba mu labarin kokawar can da ake haɗawa da naushi. Akwai wani tela a zangon Kumasi. Akwai wani daga Maiduguri da kullum sai mun yi musu da shi ta bakin mai karatunku, ban kuwa taɓa ganin fuskarsa ba. Sau tara aka karanta sunana a filin nan, har a tasha suka sa mini suna Alƙali. Ba zan ɓoye maka ba, ranka shi daɗe, na ji daɗin sunan, kuma jin daɗinsa yana cikin abin da ya kai ni inda nake yau.

Na biyu: wane ne Kiyari.

Kiyari mutumin wani ƙauye ne kusa da Bune. Ubansa, Baba Mele, ya yi kokawa a zamaninsa, yanzu ya tsufa, idonsa ya yi rauni. Gidan makiyaya ne, fari ya cinye musu shanu bai bar ko ta tatsa ba. Kiyari ya koma haƙar rijiya da jan ruwa ga waɗanda dabbobinsu suka tsira. Abu ɗaya ya rage wa gidan da ake ambatonsu da shi: in an buga ganga, daga Bune har Kelle ba mai sa bayan Kiyari a ƙasa. Matata Hajo ƴar ƙanwar uwarsa ce, ta nan muka saba. Shekara shida duk inda zai je kokawa, in dai hanyata ce, a gaban motata yake zama. Mutum ne marar yawan magana. Sai mu yi tafiyar yini guda bai ce komai ba sai "tsaya mu yi salla."

Bara bayan girbi aka tara ƴan kokawar ƙasar Damagaram don a zaɓi waɗanda za su tsaya wa jaha. Saura kwana biyar, igiyar guga ta naɗe masa ƙafa a bakin rijiya, raƙumin da ke jan ta ya fizge shi, gwiwarsa ta dama ta bugu. Ni na kai shi Damagaram, ban san komai ba sai da muka tsaya salla a Gidimuni na ga ya kasa durƙusawa, a zaune ya yi ta. Na matsa masa ya nuna mini. Gwiwar ta kumbura suntum. Na ce mu juya. Ya ce an riga an kira sunansa, kuma mutanen Bune sun riga sun yi gaba, wasu bisa raƙuma wasu a ƙafa, don su gan shi. Ya roƙe ni kada in gaya wa kowa, don in masu shirya wasan suka ji za su hana shi shiga. Ya ɗaure wurin da tsumma, ya ɗora layu a kai, duk wanda ya gani ya ɗauka asiri ne.

Aka haɗa shi da wani ɗan Magarya. Ba su daɗe da kamawa ba ɗan Magarya ya tura shi ta dama, ƙafar ta lanƙwashe, ya tafi ƙasa. Fili ya yi tsit na ɗan lokaci, don ba wanda ya taɓa ganin Kiyari ya faɗi da sauri haka. Mutanen Bune sun ji zafi, an yi ƴan gunaguni a hanyar komawa, amma ba wanda ya zarge shi da komai. Faɗuwa ce irin ta kokawa, wadda ake mantawa da ita in an sake buga ganga.

Ni ne ban bari an manta ba. Na ga shirunsa ya ƙaru, na ce a raina bari in rubuta abin da zai ɗaga masa kai a ji a radiyo. Ban nemi izninsa ba.

Na uku: abin da na rubuta da abin da aka karanta.

Wasiƙar shafi uku ce. A makon nan na dawo daga Kano, inda na fara ganin kokawar Turawa a akwatin talabijin, a kantin wani mai sayar da kayan mota a Fagge. Ƙatti ne cikin ɗan kamfai, bisa dandamalin da aka kewaye da igiya. Wannan ya ɗaga wancan sama ya maka shi da ƙasa, wanda aka maka ya miƙe kamar ba shi ba, ya hau igiya ya diro a kan cikin ɗan'uwansa, a sake tashi a ci gaba. Na ce wa mai kantin in da gaske ake yin wannan ai da tuni an yi jana'iza. Ya yi dariya ya ce sana'a ce, an shirya komai tun kafin a fito. Wannan na bayyana a shafi na ɗaya. Ina da littafin da nake fara rubuta komai a ciki kafin in kwafe, ga yadda shafin ya ƙare:

"Wanda zai faɗi ya san zai faɗi tun kafin ya shiga fili, an kuma biya shi ladan faɗuwarsa. Ƴan kallo ne kawai ba su sani ba."

Shafi na biyu ya fara da cewa wancan wasan kwaikwayo ne, tamu kokawar ba haka take ba. Na ce duk inda na kalle ta, Nguru ne ko Injamena ko nan gida, mutum da mutuncin gidansu yake shiga fili. Na ƙare shafin da cewa a wurinmu akwai wanda zai shiga da ciwon da ya isa ya kwantar da shi, ya ɓoye shi, don ya gwammace a kayar da shi a gaban jama'a da a kira sunansa a ce bai fito ba.

Shafi na uku gajere ne, ga farkonsa:

"Haka Kiyari na Bune ya yi a Damagaram. Ni shaida ne, don a motata ya je, a motata ya dawo. Duk wanda ya yi mamakin saurin faɗuwarsa, to ga dalili."

Daga nan sai gaisuwa ga masu sauraro da sunana.

Ranka shi daɗe, ka cire shafi na biyu, ka karanta na ɗaya da na uku a jere. Abin da mai karatunku ya yi ke nan.

Ina da nawa laifin a nan kuma ba na musunsa. Ban sa wa shafukan lamba ba, ban maƙale su da komai ba, takardar kuma marar kauri ce, mai yiwuwa biyu suka manne da juna. Amma shafin yana cikin ambulan ɗin. Na san haka domin ni na ninke su tare.

Na huɗu: ranar da aka karanta.

Juma'a ta uku bayan na aika, Kiyari yana Gure, ya zo wurin maɗori a kan gwiwar. Na riga na ji a makon da ya wuce an ambaci sunana cikin waɗanda wasiƙunsu ke jiran layi, don haka na ce masa ya zo tasha bayan la'asar, zai ji abin da zai faranta masa rai. Ni na kira shi, ni na gyara masa wurin zama kusa da ni a bencin mai shayi, ƙarƙashin itacen bedi, ni na sa aka ƙara ƙarar akwatin. Mutanen da ke wurin sun fi talatin, har da fatake daga Bune masu jiran mota.

Da aka karanta bayanin kokawar Turawa mutane suka yi ta dariya, shi ma Kiyari na ga ya murmusa. Mai karatu ya kai wurin da na ce an biya mutum ladan faɗuwarsa. Bai ko ja numfashi ba ya zarce da cewa haka Kiyari na Bune ya yi a Damagaram, ni shaida ne.

Dariyar ta tsaya. Jikina ya yi sanyi, na buɗe baki na kasa cewa komai. A akwatin mai karatu ya ce lalle wannan magana ce mai nauyi, ya gode wa Isufu Direba da bai ɓoye gaskiya ba, ya wuce zuwa wasiƙa ta gaba.

Kiyari ya ajiye kofin shayinsa a ƙasa a hankali. Ya ce, "Isufu, kai ka rubuta wannan?"

Na ce ni na rubuta, amma akwai magana a tsakiya da ba a karanta ba.

Ya ce, "Ni dai na ji sunanka, na ji nawa."

Ya tashi yana ɗingishi ya bi ta bayan tasha. Na kira shi bai waiwayo ba. Na ruga gida na ɗauko littafina, na dawo na karanta shafi na biyu da ƙarfi ga waɗanda suka rage. Fataken Bune sun riga sun shiga mota. Wasu cikin masu saurarona suka gyaɗa kai, wani dattijo ya ce in haka ne ai mako mai zuwa radiyo zai gyara. Ni ma haka na ɗauka.

Na biyar: abin da ya biyo baya.

Washegari na aiko muku wasiƙar gyara. Ba a karanta ba. Abin da aka karanta Juma'a uku a jere shi ne martanin sauran masu sauraro. Telan Kumasi ya ce wannan abin kunya ne ga duk mai jin Hausa. Tsohon soja ya ce irin wannan mutum a hana shi fili har abada. Mutumin Maiduguri, wanda bai taɓa yarda da ni a kan komai ba, ya ce yau kam ya sara mini. Wasiƙa ta taso daga Kumasi ta iso teburinku aka karanta ta, tawa daga Gure ba ta samu shiga ba.

A wurinmu, ranka shi daɗe, abin da aka faɗa a radiyo maganar hukuma ce. Masu shirya kokawar Bune suka daina aika wa Kiyari goro. Makaɗin da ya shekara goma yana yi masa kirari ya koma bin wani. Masu ba shi aikin rijiya suka fara ce masa sun samu wani. Wata ranar kasuwa a Bune, wani ya jefa masa dala a gabansa ya ce ya faɗi a gani, mutane suka yi dariya. An ce mini Kiyari ya tsaya ya dubi mutumin, da ya so da hannu ɗaya zai naɗe shi, amma ya ɗauki kayansa ya bar kasuwar.

Na je har gidansu. Baba Mele yana zaune a ƙofar bukkarsa, na gaishe shi ya amsa a taƙaice. Na durƙusa na buɗe littafina na karanta masa shafin daga farko har ƙarshe, na fassara masa da Barbarci wuraren da na ga bai kama ba. Ya saurara bai katse ni ba. Da na gama ya miƙo hannu na ba shi littafin, ya shafa takardar da yatsunsa, ya mayar mini.

Ya ce, "Ɗana, ni ban iya karatu ba. Da kunnena na ji abin da aka faɗa a akwati. Wannan da ka zo da ita, ta yaya zan san ba jiya ka rubuta ta ba?"

Na ce zan rantse da Alƙur'ani. Ya ce ba ya son in rantse, yana son inda aka faɗa a sake faɗa. Daga baya na ji ya karɓe kambun da ya gada wurin ubansa, wanda ya ɗaura wa Kiyari a damtse ranar da ya fara shiga fili.

Shi kuwa Kiyari na same shi a bakin wata rijiya yana jan ruwa shi kaɗai. Na roƙe shi ya bari mu tara dattawa ya nuna musu gwiwar, mu kira maɗori ya ba da shaida. Ya ci gaba da naɗe igiyarsa, sai can ya ce, "Na ɓoye ta don kada a ce na ji tsoro. Yanzu kuma in buɗe ta don kada a ce na ci kuɗi?"

Ya ƙara da cewa ko da an karanta wasiƙar duka, ai ya roƙe ni a Gidimuni kada in gaya wa kowa, ni kuwa na ɗauki maganar na aika wa duniya. Ban da amsar da zan ba shi, har yau ban samu ba. Kumburin ma a lokacin ya riga ya sabe. Na je wurin maɗori ni kaɗai, ya ce shi bayan wasa ya ga ƙafar, ba zai iya shaidar abin da ya faru kafin wasa ba. Gaskiyarsa ce.

Nawa gidan ma bai tsira ba. Masu kanwar Bune suka daina ɗora kaya a motata, har Alhajin da nake yi wa tuƙi ya mayar da ni hanyar Kelle don kada cinikinsa ya lalace. Hajo ta haihu a tsakiyar rani, muka aika da goron suna Bune kamar yadda aka saba. Ranar suna ta sa aka share ɗaki, aka shimfiɗa tabarmi don ƴan'uwanta, ta yi ta leƙa ƙofa har rana ta faɗi. Ko mutum ɗaya bai zo ba, har uwarta sai bayan mako biyu ta zo a ɓoye ta ga jikanta ta koma. Hajo ba ta taɓa ce mini kai ka jawo ba. Amma ta ɗauke akwatin radiyo daga ɗakinta ta kai zaure, ban kuma tambaye ta dalili ba.

Na shida: inda na kai kukana.

Wasiƙa ta biyu na haɗa da kwafin shafuka ukun, na sa musu lamba, na ɗinke su da zare. Ta uku na nemi wani malamin lakwal ya rubuta mini da Faransanci, ko ita za ta fi samun shiga. Na je ofishin kumandan, sakatare ya ce wannan ba aikinsu ba ne. Na je wurin wakilin sarki, ya ce shi ya yarda da ni, amma ba shi da ikon kiran maganar da ta riga ta fita. Na roƙi limamin ƙauyen su Kiyari ya yi magana bayan salla, ya ce ba ya son ya shiga tsakanin jama'arsa da abin da hukuma ta faɗa.

Daga ƙarshe na ajiye mota, na roƙi Alhaji kwana shida, na zo har gidan radiyonku. Yinin farko a bakin ƙofa na yi shi tare da mai gadi, mutumin kirki, shi ya ba ni ruwan alwala. A na biyu aka bar ni na shiga wurin wani ma'aikaci. Na roƙi a nemo wasiƙata a duba, ya ce wasiƙun da aka karanta ba a ajiye su. Na roƙi a sa mini muryar filin ranar in nuna inda aka tsallake, ya ce an goge, an ɗauki wani abu a kai. Na roƙi ganinka, aka ce sai da takardar neman izni, na rubuta a tsaye na ba da, ita ce wasiƙa ta huɗu.

Da yamma mai gadi ya nuna mini mai karatun yana fitowa a kan babur. Saurayi ne, bai kai ƙanena ba. Na tare shi da sallama, ya tsaya ya saurare ni injin na ruri. Bai yi mini wulakanci ba. Ya ce wasiƙu suna da yawa lokaci kuma kaɗan ne, bai tuna da tawa ba. Ya ce filin ba ya komawa kan abin da ya wuce, kuma ba shi da ikon cewa gidan radiyo ya yi kuskure sai in daga sama aka ba shi izni. Na miƙa masa kwafin shafin, ya ninke ya sa a aljihu, ya ce zai duba. Yau wata biyar ke nan. Kowace Juma'a ina zaune a zaure bayan la'asar, ko a gefen hanya in tafiya ta kama ni, ina saurare har a rufe filin.

Ba na riƙe da yaron nan a zuciya. Shi ya nuna mini cewa maganar a hannunka take, shi ya sa na rubuto maka.

Na bakwai: halin da ake ciki yanzu.

Kiyari ya bar gida kafin saukar damina. Bai yi sallama da kowa ba, ya bar walkinsa da layunsa a rataye a bukkar ubansa, ya bar matarsa da ƴaƴa biyu. Wasu sun ce ya tafi su a tafkin Cadi, wasu sun ce sun ga mai kama da shi yana dako a Nguru, wasu sun ce ya bi ayarin arewa. Duk garin da na sauka ina tambaya a tasha da wurin masu haƙar rijiya. In na ji ganga har yanzu ina zuwa, amma ba na kallon masu kamawa, fuskokin ƴan kallo nake bi ɗaya bayan ɗaya. Baba Mele kuwa ya kwanta ciwo tun tsakiyar damina. Uwar Hajo ta gaya mata cewa duk ranar Juma'a yakan sa a kai shi ƙofar maƙwabcinsu mai akwati, ya zauna ya saurara, in an gama a mayar da shi.

Saboda haka ga roƙona, ranka shi daɗe.

Ina roƙo a karanta shafi na biyu, tare da ƙarshen na ɗaya da farkon na uku, a cikin filin nan dai, a ranarsa da lokacinsa, don waɗanda suka ji ta farko su ji ta biyu. Na gwada karanta shi a bayyane a hankali, bai kai minti biyu ba.

Ina roƙo a maimaita shi da Barbarci, don dattawan Bune da shi suka fi ji.

Ba na neman a ba ni haƙuri, ba na neman a hukunta kowa. In faɗin cewa kuskuren daga wurinku yake zai yi muku nauyi, ku ce daga wurina ne. Ku ce Isufu Direba na Gure ya hargitsa takardunsa, ya jawo wa bawan Allah abin da bai ji ba bai gani ba. Na yarda, zan sa hannu a kan haka. Bayan nan ku cire sunana daga filinku, ba zan sake rubuto muku komai a kan kokawar kowace ƙasa ba.

Ina roƙo a sanar da ni mako guda kafin a karanta, ko ta gidan waya ko ta bakin mai karatu, don in je in zauna kusa da Baba Mele ranar. Ban sani ba ko zai bar ni in zauna. Ina roƙo kuma kada a daɗe, don jikin tsohon nan ba na jira ba ne.

Na ƙarshe, in an gama karantawa, a ƙara kalma ɗaya: a ce Kiyari na Bune, duk inda kake, an wanke ka, ka komo gida. Ni ban san inda yake ba. Motata ta kai iyakar inda take iya kaiwa. Muryarku ce ta fitar da shi daga gida, kuma ita kaɗai na sani da ke isa inda yake.

Allah shi ƙara maka lafiya da nisan kwana. Allah shi ba ka ikon riƙe amanar da aka ɗora maka, shi kare ka da zuriyarka daga a faɗi abin da ba ku yi ba a inda ba za ku iya kare kanku ba. Allah shi sa wannan takarda ta iso hannunka, shi kuma sa ka karanta ta har ƙarshe.

Wassalam.

Ni ne mai roƙonka,
Isufu Direba,
Tashar mota, Gure.